"Kuɗin Yana Waje" Ba Hujja Ba Ce a Gaban Hukumar Haraji

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wata fatawa ke yawo a bakin 'yan kasuwarmu na Ikko, daga rumfunan hatsi na Iddo har Zangon Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Wai mafita ita ce mutum ya buɗe kamfani a Dubai ko Kwatano, ya riƙa tara riba a can, kada ya raba, kada ya dawo da ita gida. Wai muddin kuɗin bai taka ƙasar nan ba, gwamnati ba ta da ta cewa. Masu ba da wannan fatawa ba su taɓa buɗe shafi ɗaya na dokar ba, a teburin mai shayi suka ji, a WhatsApp suka ƙarasa karatun. Abin takaicin shi ne manyan alhazai masu dukiyar gaske ne ke hawa kanta, kuma ranar da takardar hukuma ta iso, mai fatawar ba ya cikin masu biya.

Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, bayan aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Hukumar harajin tarayya, FIRS, ta zama NRS. A cikin babbar dokar, sashe na 6 ya taɓo ainihin abin da ake ta raɗe-raɗi a kai: idan kamfanin Najeriya ne ke juya wani kamfani a ƙasar waje, wancan kamfanin kuma ya ci riba a shekara bai raba wa masu hannun jari ba, to duk abin da zai iya rabawa ba tare da kasuwancinsa ya girgiza ba, za a ɗauka tamkar an raba. Kason kamfanin Najeriya a ciki sai a zuba shi cikin ribarsa ta gida, a yanka masa haraji.

Ka lura da kyau, Alhaji. Dokar ba ta tambayi ko kuɗin ya shigo hannunka ba. Ikonka a kansa take dubawa. Wanda zai iya ɗaga waya daga Iddo ya ce a raba riba gobe, a kuma raba, shi ne ya zaɓi kada a raba yau. Wannan lissafi bai kamata ya zama baƙo ga ɗan kasuwa Musulmi ba. Mai shagon da kaya ke shiga suna fita, idan shekara ta zagayo, ƙiyasta hajarsa yake yi ya fitar da zakka, ba ya cewa ai ban sayar ba tukuna, ba kuma ya cewa buhunan suna sito a wani gari. Haraji ba zakka ba ne, hukuncinsu daban, amma hikimar ƙirgawar iri ɗaya ce: dukiyar da ke ƙarƙashin ikonka taka ce, ko a ina ka ajiye ta.

Wani zai ce, to ni ba kamfanina na Najeriya ne ya mallaki na Dubai ba, da sunana na kaina na yi rajista. Gaskiya ne sashen da muka ambata a kan kamfani yake magana. Sai dai akwai wata ƙofa da masu fatawar ba su gani ba. Sabuwar dokar ta faɗaɗa ma'anar kamfanin Najeriya, ta haɗa da duk wanda a nan ake tafiyar da shi, ko da a wata ƙasa aka yi masa rajista. Idan kai ne ke yanke farashi, kai ke amincewa da kowace kwantena, kai ke ba banki umarni, duk daga shagonka na Legas, ofishin Dubai kuma bai wuce tebur ɗaya da yaro ɗaya ba, hukuma na da hurumin cewa kamfanin nan ɗan gida ne, ribarsa ta duniya duka ta shiga lissafi. Kai kanka kuma, muddin mazaunin Najeriya ne, abin da ka samu a ko'ina yana cikin abin da za ka bayyana wa hukumar harajin jiharka, wato LIRS ga mazauna Legas.

Kada kuma a ce wannan sabon zalunci ne da aka ƙirƙiro don 'yan Arewa. Tsohuwar dokar harajin kamfanoni, a sashe na 21, ta daɗe da ba hukuma ikon ɗaukar ribar da ba a raba ba tamkar an raba, idan mutum biyar ko ƙasa da haka ne ke juya kamfanin kuma suka riƙe ribar don rage haraji. Abin da aka yi yanzu shi ne miƙa hannun zuwa ƙetare. Amurka ta fara irin wannan tun 1962, zamanin Shugaba Kennedy. A Disambar 2017, ƙarƙashin Donald Trump, ta ƙara gaba: ta waiwayi duk ribar da kamfanonin Amurkawa suka jibge a waje tun bayan 1986, ta yanka wa kamfanoni kashi 15.5 cikin ɗari a kan wadda ke tsabar kuɗi, kashi 8 a kan wadda ta zama kadara, ta ba da shekara 8 a biya kaɗan-kaɗan. Wani Ba'amurke, Charles Moore, da matarsa Kathleen sun zuba dala 40,000 a KisanKraft, kamfanin abokinsu mai sayar da kayan noma ga ƙananan manoma a Indiya. Ko sisi ba a taɓa raba musu ba, ribar duk ana mayar da ita cikin kasuwancin. Duk da haka, a ƙarƙashin wannan doka ta 2017, aka caje su dala 14,729. Suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, ranar 20 ga Yunin 2024 alƙalai bakwai cikin tara suka ce harajin ya halatta. Hujjar da ake tallatawa a Iddo, wato "ban karɓa ba", an gwada ta da manyan lauyoyi, ta faɗi.

Saura masu cewa ai hukuma ba za ta gani ba. Wannan zancen jiya ne. Tun 2020 Najeriya ke musayar bayanan asusun banki da sauran ƙasashe, a wani tsari da ƙasashe fiye da 100 ke ciki, har da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Ingila da Sin. Bankin da ka buɗe wa asusu da fasfon Najeriya ya tambaye ka inda kake biyan haraji, ba don gaisuwa ya tambaya ba. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta wajabta a bayyana wa hukumar CAC ainihin wanda ke bayan kowane kamfani. Takardun Panama na 2016 da na Pandora na 2021 sun tona asirin attajirai da 'yan siyasar da suka fi mu lauyoyi da hanya. Dubai ɗin ma da ake kira ƙasar da ba haraji, tun Yunin 2023 take karɓar kashi 9 cikin ɗari a kan ribar kamfani da ta haura dirhami 375,000.

Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi don gudun a gan su: rubuta kamfani da sunan yaron shago, ko ƙanin mata, ko dillalin da aka haɗu da shi a otal. An gudu daga haraji an faɗa hannun mutum. Ranar da mai dukiya ya kwanta dama, marayu ba su da takarda ko ɗaya da za su nuna, kotun can kuma sunan da ke rubuce ta sani. Wace riba aka ci, idan don gudun harajin kashi 30 aka jefa ɗari bisa ɗari cikin haɗari, aka kuma bar magada da rigimar da za ta raba zumunci? Haƙƙin maraya ba abin wasa ba ne.

To yaya lissafin yake? Mu ɗauki misali. Kamfaninka na Najeriya na da kashi 60 a wani kamfani na waje. Bayan ya biya harajin can, ribarsa ta shekara ta kai kwatankwacin naira miliyan 200. Daga ciki, miliyan 80 kasuwancin na buƙatarsu da gaske, don biyan bashin banki da kayan da aka riga aka yi oda. Saura miliyan 120 ke nan da za a iya rabawa. Kasonka na kashi 60 ya zama miliyan 72. Ita za a ɗora a kan ribar kamfaninka na gida. A kashi 30 na harajin kamfanoni, miliyan 21.6 ke nan, ga kuma harajin raya ƙasa na kashi 4 da dokar ta ɗora a kan ribar kamfanoni. Duk gardamar da za a yi, a kan miliyan 80 ɗin nan za a yi ta. Ka ce kasuwanci na buƙatarsu, hukuma ta ce kawo shaida. Mai takarda ya rage abin da zai biya, marar takarda a lissafa masa 200 ɗin gaba ɗaya.

Ba a musun cewa faɗuwar darajar naira da rashin ganin aikin da ake yi da kuɗin haraji na cikin abin da ke tura mutane ajiya a waje. Amma waɗannan ba sa goge bashin da doka ta rubuta.

Saboda haka, ga abin yi. Fara da zama ka rubuta kowane kamfani da kake da hannu a ciki a waje: sunan wa ke kan takarda, kashi nawa ne naka, wa ke sa hannu a banki. Idan da sunan wani ka rubuta, gyara tun kana da rai da lafiya, a gaban lauya da shaidu. Kowace shekara ka sa a fitar da lissafin kuɗin kamfanin na waje wanda mai binciken kuɗi ya sa wa hannu. Idan kun yanke shawarar riƙe riba, a rubuta dalili a takardar zaman daraktoci, a haɗa da takardun oda da na bashi, a ranar da aka yanke shawarar, ba ranar da hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Adana rasit na duk harajin da aka biya a can, domin rangwamen hana biya sau biyu da rasit ake nemansa, kuma a ajiye takardu aƙalla shekara 6. In za ka dawo da riba gida, biyo da ita ta banki. Dokar ƙasar nan ta daɗe tana sassauta wa ribar hannun jari da aka shigo da ita ta hanyar da gwamnati ta amince, kuɗin da ya biyo ta hannun ɗan canji kuwa ba shi da shaidar da za ta kare ka.

Kiyaye lokaci. Kamfani na da wata 6 bayan rufe lissafin shekararsa ya miƙa bayani, mutum kuma zuwa 31 ga Maris. Rashin miƙawa tarar naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 kowane wata bayansa. Nemi akanta mai rajista da ICAN, ANAN ko CITN, ka guji masu zagaya kasuwa da jaka suna cewa sun san wani a ciki. Idan an yanka maka abin da ba ka yarda da shi ba, kana da kwana 30 ka rubuta ƙorafi, daga nan akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, akwai kuma sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da sarakunan Hausawan Legas, wannan nauyi a wuyanku yake. Ku ɗauko ƙwararre ɗaya, ku tara jama'a bayan la'asar, a yi bayanin nan da Hausa, kowa ya yi tambayarsa. Kuɗin zaman bai kai tarar wata ɗaya ta mutum ɗaya ba.