Wutar da ƙarfe ke sha a ɓoye

Tun da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, zancen lantarki bai bar bakin mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela ba. Kowa lissafinsa a kan samarwa yake: megawat 7 na tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018, da abin da ke shigowa daga ƙetare. In taransifoma ta ƙone, sai a ce bazara ce. Ba a tambayar wutar da ƙarfen cikinta ke sha.

Ƙarfe cike yake da ƙananan yankuna, kamar unguwanni, kowanne da alƙiblar da maganaɗisunsa ya fuskanta. Bafaranshe Pierre Weiss ne ya kawo wannan bayani a farkon ƙarni na 20. Wutarmu tana zuwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, yankunan kuma dole su bi ta, amma da jan ƙafa. Wannan jan ƙafar, da masana ke kira histeresis, shi ke komawa zafi dare da rana, ko da duk gari ya kashe fitila. Shi ya sa tun wajen 1900 ake gauraya ƙarfen da silikon. Don hana wuta kewayawa a cikin ƙarfen tana ƙara zafi kuma, ana yanka shi falle-falle, a shafe kowanne da abin da zai raba shi da ɗan'uwansa.

To, ku leƙa rumfar masu naɗin waya. An kawo injin famfo ko na niƙa da ya ƙone, wanda shi ma irin wannan ƙarfen ne a cikinsa. Sai yaro ya hura masa wuta don tsohuwar wayar ta saki, ya bi da guduma da kurfi. Wutar ta cinye shafen da ke tsakanin fallayen, dukan kuma ya takura yankunan nan, juyawa ta ƙara yi musu wuya. Injin zai tashi, mai shi ya biya yana murna, alhali ya ɗauko abin da zai riƙa zafi yana cin kuɗinsa. Manomin albasa a Galmi ba shi da rarar da zai ciyar da ƙarfe.

Waɗannan masu gyara ba mugaye ba ne, hannunsu kuwa abin yabo ne. Haka suka tarar ana yi, babu wanda ya zauna ya nuna musu illar. Ƙasar da maƙeranta suka narka tama tun kaka da kakanni bai kamata ta jahilci halin ƙarfe ba. Makarantun koyon sana'a na jihar Tawa da kamfanin lantarki na NIGELEC su tara su, su koya musu cire waya ba da harshen wuta ba. Kai kuma mai inji, kafin ka bar shi a rumfa, tambayi yadda za a warware shi.