Abin da binciken ƙasan teku ya koyar game da gwajin ruwan sha

A shekarar 2021 amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,600 a Najeriya, kuma Zamfara na cikin jihohi huɗu da cutar ta fi kamari. Duk wanda ke shan ruwan madatsar Gusau, ko na kogin Sakkwato da ya ratsa Bungudu, ko na rijiyoyin Tsafe, yana da dalilin sanin yadda ake gane ruwa mai ƙwayar cuta.

Tsohuwar hanya ita ce shuka. A zuba ɗigon ruwa a faranti mai abincin ƙwayoyin, a jira kwana ɗaya ko biyu, a ƙirga abin da ya tsiro. Masu binciken teku na cikin waɗanda suka tona raunin wannan hanya. Sukan zura kwalabe da igiya daga jirgin ruwa, su rufe bakinsu a zurfin mita dubbai, su jawo su sama. Da aka soma rina ƙwayoyin da launi mai ƙyalli ana ƙirga su a madubin likita a shekarun 1970, sai aka ga waɗanda ke tsirowa a faranti galibi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Sauran suna nan, shukar ce ba su karɓa. Shi ya sa yanzu ake tace ruwan a karanta sinadarin gadonsu na DNA. Don a san ko suna aiki kuwa, sai a ba su abinci mai alama, a auna yawan abin da suka ci.

Ƙwayar kwalara ita ma asalinta 'yar bakin teku ce. A farkon shekarun 1980 Farfesa Rita Colwell ta Amurka da abokan aikinta suka nuna cewa takan yi likimo a ruwa, tana raye amma ba ta tsirowa a faranti. Ke nan sakamakon da ya ce “ba a ga komai ba” bai isa shaidar tsabta ba, balle garau ɗin ruwa a jarkar mai ruwa.

Colwell ta kuma gano cewa ƙwayar na manne wa wasu mitsi-mitsin ƙwarin ruwa. A wani bincike da ya shafi ƙauyuka 65 na Bangaladesh, matan wasu daga cikin ƙauyukan suka riƙa tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu, kuma rahoton 2003 ya nuna kamuwa da cutar ta ragu da kusan rabi. Zanen ba ya kashe ƙwayar; wannan aikin tafasawa ne ko kulorin.