Tsarin Layi a Hanyar Sadarwa: Yadda Ake Fifita Murya a Kan Sauran Saƙonni

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, fatauci ya sake kama. Dillalin albasa a Aliero yakan daidaita farashi da mai saye a kasuwar Jega ba tare da ya hau mota ba, manomi kuma a Maiyama yakan ji labarin kasuwa tun yana gona. Amma sau da yawa murya takan yanke ko ta makara, har kowa ya riƙa hawa kan maganar ɗan'uwansa, wani lokaci ciniki ya watse. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne jiran layi a cikin na'urorin sadarwa.

A intanet ba a aika saƙo ɗungurungum. Akan yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshinsa, dabarar da Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila suka ƙago a shekarun 1960. Kowace na'urar raba hanya da ƙunshi ya isa, in ya tarar ana fitar da wani, tilas ya tsaya. Ga misali, ƙunshi mai bayit 1,500 yana cin milisakan 12 kafin ya fice ta layin da ke ɗaukar megabit 1 a daƙiƙa. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan goma irinsa suka riga ƙunshin murya, ya yi jiran milisakan 120 ke nan a wuri guda, alhali Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce milisakan 150. Wasiƙa ba ta damu da wannan jira ba, amma murya kamar tumatir take: in ta makara ta lalace.

Hanya ta farko ta tsara layi ita ce ta "wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi". Tana da sauƙi, sai dai ba ta bambanta mai gaggawa da mai nisan kwana. Ta biyu ita ce fifiko tsantsa, watau muddin akwai murya a layi babu wanda zai wuce. Aibinta shi ne, in murya ta yi yawa, sauran saƙonni sai su kwana a layi. Ta uku ita ce rabon adalci, wadda Demers da Keshav da Shenker suka bayyana a 1989, inda kowane rukuni ke da kasonsa na faɗin hanya.

Akwai kuma ta huɗu, wadda Dovrolis da abokan aikinsa suka gabatar a 1999, bisa wani tunani na Leonard Kleinrock na 1964. A nan darajar ƙunshi tana ƙaruwa da tsawon jiransa. A ɗauka an ba murya nauyi 4, an ba wasiƙa nauyi 1. Muryar da ta jira milisakan 10 tana da maki 40, wasiƙar da ta jira 30 tana da maki 30, saboda haka murya ce za ta wuce. Amma da wasiƙar ta jira 50, da ita za a sallama. Idan cunkoso ya tsananta, jiran wasiƙa yakan zama kamar ninki huɗu na jiran murya, ba a kuwa mance da kowa ba. Hankali ma haka ya nuna a ƙofar mai ɗori, sana'ar da Aliero ta shahara da ita: mai sabuwar karaya ya cancanci a fara da shi, amma wanda ya zo a duba tsohon ɗauri ba za a bar shi ya yini a zaure ba.

To, ta yaya na'ura ke gane mai gaggawa? A 1998 aka tsayar da ƙa'idar DiffServ, wadda ta keɓe bit 6 a goshin kowane ƙunshi don lambar rukuninsa, ga al'ada kuwa murya ke ɗaukar lamba 46. Haka nan a tsarin 4G an ƙayyade wa kiran murya milisakan 100, lilon intanet kuwa 300.

Sai dai a lura, tsarin layi ba ya ƙara faɗin hanya. Jinkirin da aka rage wa wani, wani aka ɗora wa. Saboda haka duk mai kula da irin wannan hanya, ko a jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, ko a wani asibiti, wajibi ne ya fara tantance abin da ba ya jure jira, kamar lacca ta bidiyo ko kiran likita, sa'an nan ya yi wa saura rabon da ba zalunci a ciki. In kuwa kowa ya yi wa kayansa lambar gaggawa, to an koma gidan jiya.