Numfashin Injin Mota: Kula da Turbo a Ƙasar Hazo da Zafi

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta ratso Bunkure ta shiga Rano ta wuce Kibiya, ya kasa kunne a lokacin da tankar mai ko tirela ke ɗaukar wuta, zai ji wani siririn sauti kamar fito yana tashi a cikin rugugin injin. Wannan sauti muryar wata na'ura ce da ake kira turbo. A da sai a jikin jiragen sama da manyan jiragen ruwa da motocin tsere ake jin labarinta. A yau kuwa tana cikin taraktocin da ke huɗa a gonakin noman rani na ruwan Tiga, da manyan janaretoci, da motocin a-kori-kura masu shan gas, da kuma ƙananan motoci 'yan Kwatano masu gudun tsiya waɗanda samari ke taƙama da su a ranar ɗaukar amarya. Motar tsere ta ainihi ba ta da yawa a wannan yanki, amma dokar da ke raya turbonta ita ce ke raya na tarakta, kuma abin da ke kashe su ɗaya ne.

Dalilin ƙirƙiro ta

Ɗalibin da ya karanci yadda jiki ke sarrafa abinci ya riga ya san rabin labarin. Tsoka ba ta samun ƙarfi daga abinci sai an ƙona shi da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Haka injin yake. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka mayar da wannan lissafi zuwa mudu, lita 1 ta fetur tana cinye iska kimanin lita 9,000, wato kusan abin da baligi ke shaƙa a yini da kwana yana zaune. Sabili da haka ba ƙarancin mai ke taƙaita ƙarfin injin ba, domin zuba mai abu ne mai sauƙi. Ƙarancin numfashi ne.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar magance wannan a shekarar 1905. Ya lura cewa hayaƙin da ke fita ta salansa yana tafiya da ƙarfi mai yawa a banza. Sai ya sa farfela a hanyar hayaƙin, ya haɗa ta da wata farfelar ta biyu a kan sanda guda. Hayaƙi ya juya ta farko, ta biyu kuma ta zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin silinda. Iska ta ƙaru, aka ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Motocin hawa na farko da aka sayar da turbo sun fito a Amurka a 1962, kamfanin Porsche na Jamus ya fitar da shahararriyar motarsa 911 Turbo a 1975, Renault kuma ya shigar da ita gasar tseren Formula 1 a 1977.

Tana da 'yar'uwa da ake kira sufacaja. Aikinsu ɗaya, sai dai ita ba hayaƙi ke juya ta ba, bel ne daga jikin injin. Motocin Mercedes da aka rubuta wa Kompressor a baya irin ta gare su. Ba ta ɗaukar zafi kamar turbo, amma tana cin wani kaso na ƙarfin injin, kuma belinta na buƙatar dubawa: in ya tsattsage ko ya saki, a canza shi. Wasu irinta suna da nasu man daban a ciki, wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Maƙiyi na farko: ƙura

Injin mota a kan hanya yakan juya sau 3,000 a minti ɗaya. Turbo kuwa tana kaiwa sau 150,000, ƙananan ma har su wuce 200,000. Sau 150,000 a minti yana nufin sau 2,500 a daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, ƙwayar yashi ba ƙwayar yashi ba ce, harsashi ce.

A nan ne wurin zama ya shigo cikin maganar. Kaso mai yawa na hazon da ke lulluɓe ƙasar Kano daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris yana tasowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi. Shekaru kimanin 7,000 da suka wuce wannan kwari ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce kawai. A cikin ruwan an yi wasu ƙananan halittu masu ƙwayar rai guda, dangin gansakuka, da ake kira dayatom, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma. Kowane ɗayansu yana gina wa kansa ɓawo da silika, wato sinadarin da ake yin gilashi da shi. Da tafkin ya ƙafe, ɓawonsu ya zauna ya zama farar ƙasa mai laushi, iskar hunturu kuma take kwasarta kowace shekara ta yo kudu maso yamma da ita. Ashe farin garin da ake sharewa a kan gilashin mota a Rano da safe, wani ɓangarensa gawarwakin halittun ruwa ne. A kan wannan sai a ƙara jar ƙurar hanyoyin burji na ƙauyukan Kibiya, da ƙaiƙayin da ke tashi a lokacin sussukar dawa da shinkafa.

Silika ta fi alminiyam tauri, farfelar da ke zuƙo iska kuma galibi da alminiyam ake yin ta. Ƙura tana cinye bakin fukafukanta sannu a hankali har nauyinta ya karkace gefe guda, sandar ta fara rawa. Ƙurar da ta wuce ciki kuwa tana goge zoben fistin da bangon silinda kamar sanfefa.

Ɗan Adam yana da gashin hanci da majina da ƙananan gasu a maƙogwaro masu turo datti waje, kuma jikinsa na sabunta su kullum. Injin ba shi da komai sai takarda guda mai ninki, wato matatar iska da makanikai ke kira filta, ita kuwa ba ta warkar da kanta. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, ta kai wa mai faci ita ya busa mata iskar taya mai ƙarfi. A ido takan yi fes, amma iskar na iya yaga ƙananan ƙofofin takardar, ƙura ta riƙa wucewa ba shamaki. Mafi muni shi ne cire ta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara gudu. Abin da ya dace shi ne a duba ta duk mako biyu a lokacin hunturu, a canza ta da zarar ta toshe ko ta huje, a kuma bi tiyon da ke tsakaninta da turbo da hannu, domin tsaga ƙarama ko kilif da ya saki ya isa ya mayar da sabuwar matata aikin banza.

Baƙin mai

Sandar turbo ba ta taɓa ƙarfen da ke riƙe da ita. Tana shawagi ne a kan shimfiɗar baƙin mai wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Man nan yana hana gogayya, yana kwashe zafi, yana kuma ɗauke datti ya kai wa matatar mai, kamar yadda jini ke kai wa ƙoda. In ya yanke na 'yan daƙiƙu kaɗan ana cikin gudu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, an gama.

Wasu motocin Turai littafinsu ya yarda a yi kilomita 15,000, wasu har 30,000, kafin a yi juye. An tsara wannan ne don hanyoyi masu kwalta da iska mai sanyi da mai mai tsabta. A cikin littafin kansa akwai jadawali na biyu, na aiki a yanayi mai tsanani: ƙura, zafi, gajerun tafiye-tafiye da tsayuwa a cunkoso. Kusan duk abin da aka lissafa a wurin bayanin rayuwar yau da kullum ce a kudancin Kano, inda zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40 a inuwa. Don haka yin juye a kilomita 5,000, tare da sabuwar matatar mai kowane karo, ba almubazzaranci ba ne. A tsaya kan lambar kauri da kamfani ya rubuta, alal misali 5W-40, a guji tunanin cewa mai kauri ya fi ƙarfi, domin mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe. Man da ake aunawa daga durom a kwalba a bakin hanya, ba wanda ya san asalinsa. Rarar kuɗin da aka samu a kansa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sabuwar turbo ba.

Zafi, da darasin masu dawaki

Hayaƙin injin fetur yana shiga turbo da zafin da ke kaiwa digiri 900, har gidanta ya yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Muddin injin na aiki, mai na zagayawa yana ɗauke zafin. Da an kashe makulli famfon mai ya tsaya, ɗan man da ya rage a kan sandar sai ya soyu ya zama gawayi mai tauri, ya toshe siririn bututun da ke kawo mai.

Barorin dawaki sun san wannan tun kafin a ƙera mota. Dokin da ya yi sukuwa a hawan Sallah ba a ɗaure shi nan take a turke. Ana zagayawa da shi har numfashinsa ya daidaita, gumi ya tsane. Direban da ya taso daga Kano a guje ya kamata ya sassauta ƙafa a kilomita biyu ko uku na ƙarshe, ko ya bar injin yana aiki a tsaye minti ɗaya zuwa biyu. Wasu sababbin motoci suna da famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe su, amma taraktoci da tsofaffin motoci ba su da wannan gata. Da safe ma haka: a ba mai rabin minti ya hau, a tafi a hankali har injin ya ɗumama. Taka totur da ƙarfi sau biyu kafin a kashe mota, wanda wasu ke yi don burgewa, yana barin turbo tana juyawa a guje alhali mai ya yanke.

Iskar da aka matse tana yin zafi, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi. Shi ya sa ake sa wani ƙaramin lagireto a gaban mota don sanyaya ta kafin ta shiga silinda. Laka da ƙwari da ƙaiƙayi na toshe shi, sai a wanke shi da ruwa marar ƙarfi. Babban lagireto kuma ruwansa na musamman yake so, ba ruwan rijiya mai barin farin gishiri a cikin bututu ba. Fetur ma yana da nasa sharaɗi: motocin tsere masu turbo galibi an ƙera su ne don mai lamba 95 ko 98, wanda ke jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokaci ba. Gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo Nijeriya a farkon shekarar 2022 ya lalata injuna da dama, ya nuna cewa wurin shan mai ma abin zaɓe ne.

Ƙarfin gudu yana buƙatar ƙarfin tsayawa. Man birki yana tsotsar laima daga iska, sai a canza shi duk shekara biyu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya 'yar gwanjo tana iya zama da zane mai kyau alhali robar ta bushe.

Alamomin ciwo

Turbo ba ta cika mutuwar fuju'a ba. Shuɗin hayaƙi alama ce ta baƙin mai yana yoyo yana ƙonewa. Baƙin hayaƙi tare da raunin jan mota yana nuna iska ba ta isa, ko matata ta toshe ko tiyo ya fashe. Idan siririn fiton nan ya rikiɗe ya koma kuka kamar jiniya, farfela ta fara gogar bango. A injin gas akwai haɗari na musamman: man da ya yoyo daga turbo zai iya zama abincin injin, ya riƙa ƙara gudu da kansa ko an zare makulli, kuma ba ya tsayawa sai an toshe masa hanyar iska ko man ya ƙare ya buga.

Makanike mai lura, kafin ya ɗaura sabuwar turbo, yakan nemi abin da ya kashe tsohuwar. Yakan canza bututun mai, ya wanke ƙaramin lagireto, ya yi juye, ya ɗiga mai a kan sandar da hannunsa kafin a tayar da injin. Inda aka tsallake waɗannan, sabuwar kan bi sawun tsohuwar cikin 'yan makonni, kuma ga mai tarakta a Kibiya makonnin nan sukan faɗo daidai lokacin da ruwan shuka ya sauka.