Injin ban ruwa da sabuwar kwamfutar da ta ƙi tashi

Duk wanda ya yi noman rani a fadamun Kudan ko na Ikara ya san halin injin ban ruwa idan ya tashi gardama da sassafe, ga tumatir na jiran ruwa, ga rana na ɗagawa. Manomin da ya san injinsa ba ya ɗora shi a babur ya nufi wajen makanike don ya ja igiya sau biyu bai kama ba. Tanki zai fara leƙawa. Akwai mai? An buɗe famfon man? Sai ya kwance fulogi, ya goge baƙin da ya taru a kansa, ya jingina shi da ƙarfen injin, ya ja igiya ya ga ko wuta na tartsatsi. Daga mafi sauƙi yake farawa, kuma abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda.

Wannan tsarin ne matasanmu masu haɗa kwamfutar tebur da hannunsu suka fi rasawa. Yaro zai tara kuɗi don buɗe shagon rajistar jarrabawa a Makarfi ko aikin haɗa bidiyo a Hunƙuyi, ya sayo kaya a PZ ta Zariya ko titin Beirut a Kano, ya kwana yana ɗaure-ɗaure. Ya danna maɓalli, shiru. Nan take sai ya yanke hukunci: an sayar masa da mataccen madabod. A ganina wannan ne zato na ƙarshe da ya kamata a yi, don mafi yawan lokuta laifin na wata waya ne da ba ta zauna ba.

Idan ko fanka bai motsa ba, maganar mai ce, wato wuta. A bayan akwatin wutar kwamfutar akwai ɗan makunni mai alamar I da O, kuma mutane da yawa sun sha wahala a kansa. Sai babbar waya mai baki 24 da ke shiga madabod, da ƙaramar mai baki 8 da ke ciyar da firosesa, can sama kusa da kusurwa, wadda aka fi mantawa da ita. Siraran wayoyin maɓallin gaba ma kan sauka a ƙusoshin da ba nasu ba. Gwajinsu ba wuya: ka cire su, ka haɗa ƙusoshin kunnawa biyun da bakin sukudireba na ɗan lokaci kaɗan. In ta tashi, ka san inda ɓarakar take. Gargaɗi ɗaya ga mai amfani da tsohon akwatin wuta na gwanjo: wasu na da jan makunni mai 115 da 230. Na Amurka kan zo a 115, wutarmu kuwa 230 ce. Ka duba kafin ka jona, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Matsala mai cin rai ita ce wadda manomi ya fi kowa sani: inji na ruri, amma ko ɗigo bai fito daga tiyo ba. Injin lafiyarsa ƙalau, ba a ɗura masa ruwan fari ba ne, ko tiyon zuƙa na shan iska ta wani ɗan gefe da roba ba ta kama ba. Haka kwamfuta kan yi: fankoki na juyawa, fitilu na haske, allo kuwa baƙi ƙirin. Kafin ta nuna komai, tana bin kayan jikinta ɗaya bayan ɗaya tana tantancewa, kuma inda ta ci karo nan take tsayawa. Da yawa daga cikin sababbin madabod na da ƙananan fitilu huɗu masu rubutu: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne, ita ce ke nuna maka wurin.

Ram ne ya fi shan iska. Ana ganin kamar ya shiga, alhali gefe ɗaya bai kai ƙasa ba. Ka zare shi, ka sake dannawa da ƙarfi har ka ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. In sanda biyu ne a madabod mai gurbi huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu daga firosesa ake sa su. In har yanzu shiru, ka bar sanda ɗaya kawai ka gwada, sannan ka canza ta da ɗayar. Kuma a yi haƙuri da sababbin injuna masu DDR5, musamman na AMD da suka fara fitowa a 2022: tashin farko na iya ɗaukar mintuna allo na baƙi, kwamfutar tana daidaita ram ɗin ne. Mai gaggawa sai ya kashe ta a tsakiyar aiki, ya ce ta lalace.

Wani lokacin ma abin dariya ne. An sa katin hoto, amma wayar allo na maƙale a ramin madabod maimakon na katin. Firosesar Intel mai harafin F a ƙarshen lambarta ba ta fitar da hoto da kanta sam, dole sai da kati. Akwai kuma tsohon madabod da aka haɗa da sabuwar firosesa: B450 da aka ƙera kafin Ryzen 5000 ta fito a ƙarshen 2020 ba zai gane ta ba sai an sabunta masa BIOS. Idan saitin BIOS ɗin ne ya rikice, ka zare wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na wasu mintuna, ka mayar.

Da hunturu a ƙasarmu iska ta bushe, jikin mutum na tara wutar da ke tsartuwa in ya taɓa ƙarfe. Ka taɓa jikin akwatin kwamfutar kafin ka ɗauki ram ko firosesa, kuma kada ka shimfiɗa kayan a kan bargo. Akwatin wuta kuwa kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi.

In duk wannan bai yi ba, ka fito da madabod ka ɗora a kan kwalinsa, da firosesa da fankanta da ram ɗaya kawai, don wata ƙusa na iya taɓa bayansa a cikin akwati. Ka ari ram ko akwatin wuta daga kwamfutar da ke aiki, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan nan ne, ɗan'uwa, za ka shiga motar Zariya da rasit a aljihu, ka gaya wa mai shago fitilar da ta tsaya da abin da ka riga ka gwada.