Yadda Kwamfuta Ke Mayar Da Rubutu Zuwa PDF Da Kanta

Ina so in yi ɗan bayani a kan wani aiki na kwamfuta wanda da yawanmu ke cin moriyarsa ba tare da sanin yadda yake tafiya ba. Aikin kuwa shi ne mayar da rubutun da aka yi da manhajar rubutu, kamar Microsoft Word, zuwa irin fayil ɗin nan da ake kira PDF.

Da farko dai, me ya kawo bukatar haka? Iyayenmu da suka yi aiki da tafireta sun sani, abin da aka buga a takarda ya zauna ke nan, ko Ikko aka kai ta ba za ta sake kama ba. Rubutun Word kuwa ba haka yake ba. Abin da ke cikin fayil ɗinsa kalmomi ne haɗe da umarni, watau a rubuta wannan da samfurin haruffa kaza, a bar fili kaza a gefe. Duk kwamfutar da ta buɗe shi, ita ce za ta sake jera layukan da abin da take da shi. In ba ta da samfurin da marubucin ya zaɓa, sai ta ari wani. To, faɗin haruffa ba ɗaya ba ne, don haka sai layi ya zarce, shafi uku ya koma huɗu, hoto ya bar mazauninsa.

Mu masu rubutu da Hausa abin ya fi shafarmu, saboda haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane samfurin haruffa ke ɗauke da su ba. Inda babu su, wani lokaci sai a ga ɗan akwati fanko a tsakiyar kalma, ko kuwa harafin ya fito da wata kama dabam da ta 'yan'uwansa. Mai karatu sai ya shiga cankar ko "ƙasa" ake nufi ko "kasa", ko "ɓata" ko "bata". Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga wanda ya aika da takardar neman aiki ko ta neman shiga jami'a.

Maganin ya fito ne daga kamfanin Adobe na Amurka, wanda John Warnock da Charles Geschke suka kafa a 1982. Burin Warnock shi ne a sami fayil da zai fito da kama ɗaya a kowace irin kwamfuta da kowace na'urar buga takarda. A 1993 kamfanin ya fito da PDF. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 2008, hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ISO, ta karɓe shi ya zama ma'auni na kowa da kowa, mai lamba 32000. Shi ya sa yau manhajoji barkatai ke iya yin PDF su kuma karanta shi, har da na wayar hannu.

A ganina, misalin da ya fi dacewa shi ne na laka da tukunya. Rubutun Word laka ne, ana iya murɗa shi yadda aka so, amma kuma duk hannun da ya taɓa shi yana iya sauya masa siffa. PDF kuwa tukunya ce da aka gasa. Lokacin juyawa, manhaja ta kan jera shafi sau ɗaya, sa'an nan ta rubuta ainihin wurin da kowane rubutu da kowane hoto zai zauna, da nisansa daga gefen takarda. Bugu da ƙari, ta kan cusa zanen haruffan da aka yi amfani da su cikin fayil ɗin. Ta haka rubutu ke tafiya da guzurinsa, ba sai ya roƙi kome a masauki ba.

Juya fayil ɗaya abu ne mai sauƙi. Manhajar OpenOffice ta samar da hanyar yin haka tun 2003, Word ma ya bi baya a zamanin Office 2007. Mutum zai zaɓi adanawa da siffar PDF, shi ke nan. Amma a ce ofishin makaranta yana da takardun sakamakon jarrabawa ɗari uku da za a tura wa iyaye. In kowace ta ci minti ɗaya wajen buɗewa da adanawa da rufewa, awa biyar ke nan magatakarda na zaune yana maimaita abu guda, ga gajiya, ga yiwuwar tsallake wata.

A nan ne ake sa kwamfuta ta yi aikin da kanta. Akwai manhaja ta kyauta mai suna LibreOffice, wadda ta samo asali daga OpenOffice a 2010. Ana iya ba ta umarni a rubuce, ba tare da an buɗe ta a allo ba. A kwamfuta mai aiki da Linux, alal misali, sai a tara fayilolin a jaka ɗaya, a shiga wurin rubuta umarni a buga wannan layi:

soffice --headless --convert-to pdf *.docx

Kalma ta farko kiran manhajar ce. Ta biyu na cewa ta yi aiki a ɓoye, kada ta buɗe taga. Na gaba na faɗin abin da za a mayar da fayilolin, alamar tauraro kuwa na nufin duk wani fayil na Word da ke cikin jakar. Da an danna, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta gama. Ana ma iya sa wa kwamfuta lokaci, ta riƙa yin haka kowane dare.

Sai dai ina da gargaɗi uku. Na ɗaya, kwamfutar da ke juyawar ita ke da magana ta ƙarshe. In ba ta da samfurin haruffan da ya dace, za ta gasa tukunyar da karkacewarta, kuma kuskuren zai bayyana a takardu ɗari ukun gaba ɗaya. Don haka a zaɓi samfuri mai cikakkun haruffan Hausa, kamar Charis SIL ko Noto Sans, a sa shi a kwamfutar, a gwada da fayil ɗaya a duba da ido kafin a saki sauran. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, kada a jefar da fayil na asali. Gyara a PDF wuya gare shi, kuma mayar da shi zuwa Word sau da yawa ya kan hargitsa tsarin shafi. A ajiye laka don gyaran gobe, a aika da tukunya.

Na uku kuwa ga iyayenmu ne. Wuyar gyara ba ita ce rashin yiwuwa ba, domin akwai manhajojin da ke sauya rubutu a cikin PDF. Ganin sakamakon jarrabawa a wannan siffa bai isa shaida ba. In an yi shakka, a tuntuɓi makaranta.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana masu aiko da rubutu ga wannan mujalla, su riƙa haɗo fayil biyu: na Word don edita ya gyara, da na PDF don ya ga yadda marubuci ke son aikinsa ya fito. Da haka ɗan lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ zai isa ga mai karatu lafiya.