Rawar Bankwana da Sakandare: Hani Kaɗai Ba Zai Riƙe 'Ya'yanmu na Ƙetare Ba

A makarantun kwana na kudancin Jigawa, shekarar ƙarshe ta sakandare tana da tsarin da kowa ya sani. Ko a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ne, ko a makarantar 'yan mata ta Gwaram, 'yan aji shida sukan miƙa shugabancin ɗalibai ga 'yan aji biyar, su duƙufa karatun dare, su zauna jarrabawar WAEC a watannin Mayu da Yuni, su ɗora da NECO. Ranar da aka ajiye biro a takardar ƙarshe sai a naɗe katifa, a jefa kwano da cokali cikin akwatin ƙarfe, a bi ɗaki-ɗaki ana neman gafarar juna, ƙannen makaranta suna rakiya har bakin ƙofa. A gida a ce wane ya yi kandi, a yi masa barka. Duk murnar da za a yi da rana ake yinta, maza a tasu makarantar, mata a tasu, malamai na gani. To, wanda ya tashi a wannan tsari, ya zama likita a Ingila, ko ma'aikacin jinya a Kanada, ko direban tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, shi ne yau 'yarsa mai shekara 17 take miƙo wa takarda daga makaranta, an rubuta ranar rawar bankwana da kuɗin tikiti, ana jiran ya sa hannu.

Wannan rawa, wadda suke kira furom, tsohuwar al'ada ce a Amurka, daga baya ta tsallaka Birtaniya, inda har 'yan shekara 16 ake shirya wa ita bayan jarrabawar GCSE. Da dare ake yi, a otal ko wani babban zaure. Saurayi yakan gayyaci budurwa tun da makonni, ya yi hayar kwat, ya ɗaura mata fure a wuyan hannu, ita kuma ta sayi doguwar riga ta musamman, a haɗa kuɗi a ɗauki shatar doguwar mota. Wani bincike da kamfanin Visa ya yi a 2015 ya nuna cewa matsakaicin abin da iyali ke kashewa a kan wannan dare a Amurka ya kai dala 919. Abin da ya fi tayar wa iyaye hankali ma shi ne shagalin da yara kan wuce bayan an tashi, inda babu malami babu uba, giya kuma takan shigo duk da cewa dokar Amurka ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 21 ba. Bahaushen da ya ce 'yarsa ba za ta je ba yana da hujja, kuma ni ban ga laifinsa ba. Inda nake ganin kuskure shi ne a ce "ba za ki ba" sannan a ja baki a yi shiru, kamar da haka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba, domin abin da yarinyar take nema ya wuce rawa. Shekara goma sha biyu ta yi tana fita cikin sanyi da ƙanƙara, tana gogayya da 'ya'yan masu ƙasa a harshensu, ta kai ƙarshe. Tun daga farkon zangon ƙarshe ba ta jin wata hira a aji sai ta riga da takalmi da wanda zai raka wa. Idan daren ya zo ƙawayenta suka cika Instagram da hotuna, ita tana ɗaki, darasin da take ɗauka shi ne gidansu ba a murna, kuma zama Bahaushiya Musulma yana nufin a hana ka abu ba a ba ka wani ba. Sau da yawa ma 'ya mace ce ke ɗaukar nauyin wannan hani, domin a wasu gidajen akan kau da kai idan namiji ne ya sa kwat ya fita. Duk wanda ya ga damina a garuruwanmu ya san cewa ruwan da aka tare ba a yi masa magudana ba, katangar gidan zai ci. Yaran da aka hana haka kawai, wasu sukan haƙura da ƙunci a zuciya, wasu kuma su fita da abaya su sauya kaya a gidan ƙawa, kuma wannan na biyun ya fi abin da ake gudu muni, tunda ya haɗa da koyon yi wa iyaye ƙarya.

Hausawa kuwa suna cikin mutanen da bai kamata su rasa madadi ba, domin sun daɗe da sanin yadda ake karrama wanda ya kammala karatu. Dubi walimar saukar Alƙur'ani yadda ake yinta a Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukansu. Tun saura kwanaki ake kai allo wurin mai zayyana, ya ƙawata shi da ja da kore da ɗorawa, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara. A ɗinka wa yaro sabuwar riga, a naɗa masa rawani, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malaminsa ya biya masa, shi kuma ya maimaita da murya tana rawa a gaban dattawan unguwa. A yanka abin da ya sawwaƙa, a raba waina da goro, sannan ya ɗauki allon ya zaga gidajen dangi, kowa ya sa masa albarka ya ba shi abin da ya samu. Makarantun Islamiyya sun ɗauki wannan suka faɗaɗa shi, ana yaye ɗalibai maza da mata rukuni guda, da anko da kyaututtuka. Duk abin da matashi ke so a irin wannan rana yana ciki: ya yi ado, a kira sunansa a bainar jama'a, ya ga iyayensa suna alfahari da shi, abokansa suna gefe. Hausawan zango a Kumasi da Nima ta Accra sun riƙe walima da ƙarfi, na Sudan da Makka ma haka. Waɗanda ke Turai da Amurka ne suka fi buƙatarta, kuma su ne ya kamata su miƙa ta har ta rufe kammala sakandaren boko.

Akwai shaidar cewa hakan yana yiwuwa. A 2012, a garin Hamtramck na jihar Michigan, inda 'yan asalin Yaman da Bangaladash suke da yawa, ɗalibai mata na babbar sakandaren garin suka tara kuɗi da kansu suka shirya daren bankwana na mata zalla. Suka kama zaure, aka hana maza shiga, 'yan matan da kullum ke cikin hijabi suka yi kwalliya suka yi rawa a tsakaninsu, har da ƙawayensu waɗanda ba Musulmi ba. Labarin ya shiga manyan jaridun Amurka. Abin lura shi ne yaran ba su nemi a sassauta musu addini ba, fili suka nema wanda addinin ya yarda da shi. Bahaushiya kuwa ba baƙuwar taron mata zalla ba ce, tunda kamu da wunin biki da suna duk haka ake yinsu.

Wani zai ce wannan ma kwaikwayon Turawa ne aka sauya masa riga, kuma Musulmi ba ya buƙatar biki don ya gama makarantar boko. Wannan magana tana da nauyi, amma ta manta cewa walimar godiya ga Allah a kan wata ni'ima ba daga Turai muka samo ta ba, kuma malamanmu ne ke jagorantar ta sauka tun kaka da kakanni. Yarinyar da ta fito daga sakandaren Landan da sakamako mai kyau, da sallarta da kunyarta da Hausarta, ni'ima ce babba da ta cancanci a tara mutane a gode wa Allah a kanta. Abin da shari'a ta hana sananne ne: keɓewar saurayi da budurwa, tsiraici, maye, almubazzaranci. Idan aka cire waɗannan, abin da ya rage ado ne da abinci da zumunci. Ya kamata kuma iyaye su bambance daren rawa da taron ba da takardar shaida, wanda ake yi da rana, ɗalibai cikin alkyabbar kammala karatu, iyaye a kan kujeru. Uban da ya haɗa su biyun ya ƙaurace musu, ko ya fake da cewa yana da aiki ranar, ya tauye ɗansa haƙƙin da babu dalilin tauye shi.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa a bar yara su shiga cikin jama'ar da suke zaune da ita, domin ware su yana mai da su baƙi a ƙasar da aka haife su. Gaskiya ne yaron da aka killace daga komai yakan taso da rauni, kuma akwai iyalan da suke barin 'ya'yansu su je cikin rukunin ƙawaye, da suturar mutunci, uba ya kai ya ɗauko. Wannan shawara ce ta kowane gida, da sanin halin ɗansa da na makarantar. Sai dai cuɗanya da mutane ba ta wajabta narkewa a cikinsu. Yahudawa masu riƙo da addini da wasu ɗarikun Kirista a Amurka suna da abubuwan da 'ya'yansu ba sa shiga, ba a kuma ce sun fita daga ƙasa ba. Yaron da yake da walimar da zai gayyaci abokan ajinsa da malamansa, su zo su ci dambun nama su ga lalle da babbar riga, ya fi ƙarfin tsayawa a cikin jama'a a kan wanda ba shi da abin nunawa sai jerin abubuwan da aka hana shi.

Wannan batu bai tsaya a ƙetare ba, domin waya ta riga ta kawo shi gida. Hotunan da ake ɗorawa a TikTok daga Amurka da Legas su ne ɗan aji shida a Jigawa yake kallo, kuma al'adar sa farar riga abokai su yi ta rubutu a jikinta ranar gama jarrabawa, wadda aka fi sani a jami'o'i, ta gangaro sakandare har a Arewa. A watan Yulin 2025 gwamnatin Sakkwato ta haramta irin wannan biki ga masu kammala sakandare, a watan Agusta kuma jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazire da 'yan ƙaramar sakandare saboda nauyin da yake ɗora wa iyaye. Dokokin suna da dalili, amma tambayar da ke gaban uba a Bronx ita ce ke gaban kwamishinan ilimi: an hana, me aka bayar? A nan mazauna waje suna da rawar takawa, domin abin da suka yi wa 'ya'yansu shi 'yan uwansu na gida za su gani su kwaikwaya. Idan suka turo bidiyon doguwar mota da rigar dala ɗaruruwa, sun ɗora wa manomin Gwaram gasar da ba zai iya ba. Idan suka turo na walima mai sauƙi, suka haɗa da kuɗin rajistar JAMB na marayu biyu ko uku a tsohuwar makarantarsu, sun nuna hanyar da talaka ma zai iya bi.

Kwalejin Birnin Kudu ita kanta hujja ce a kan abin da ke wanzuwa daga shekarar ƙarshe. Aliko Ɗangote a nan ya yi karatu kafin ya tafi Jami'ar Azhar a Alƙahira, kuma tsofaffin ɗalibanta suna da ƙungiyarsu, BIKOBA, da ke haɗa waɗanda suka rabu shekaru da dama. Abin da ya ɗaure su shi ne kwanon da suka ci tare da ɗakin da suka kwana. Irin wannan zumunci ne yaran Hausawa da ke warwatse a makarantun Turai da Amurka suka rasa, domin sau da yawa yaro shi kaɗai ne Bahaushe a ajinsu, wani lokaci a makarantar baki ɗaya. Walimar haɗin gwiwa a kowane birni za ta sa su san juna a daidai lokacin da za su bar gaban iyaye su shiga jami'a, lokacin da suka fi buƙatar aboki mai irin tarbiyyarsu.

Saboda haka kirana ga ƙungiyoyi irin su Zumunta ta 'yan Arewa mazauna Amurka, da takwarorinta na Birtaniya da Kanada, da limaman masallatan da Hausawa ke taruwa, shi ne su sa walimar yaye ɗalibai cikin jadawalinsu na kowace shekara, a watan Yuni ko Yuli. A fara shiri tun watan Janairu, kafin makarantu su fara sayar da tikiti. A kira sunan kowane yaro, mai sakamako mai kyau da wanda ya sha da ƙyar. A ware wa 'yan mata zaurensu da yamma su yi adonsu su sake, samari ma a nema musu nasu. Kuma a sa yaran kansu cikin kwamitin shirin, su zaɓi abinci da wuri da tsarin taro, domin idan dattawa suka mai da ranar ta zama jawabai goma da wa'azi uku, shekara mai zuwa ba yaron da zai zo.